Martani: Ba Sanyi Ke Kashe Shukar Tukunya A Anka, Gummi Da Bukkuyum Ba

Kwanakin baya wani ɗan'uwa marubuci ya fitar da maƙala a kan yadda za a kula da furen heliyotrof na cikin tukunya idan hunturu ya shigo. Ya ce shawararsa ta game duk wata shuka da ake raino a tukunya, har ya ambace mu mutanen yammacin Zamfara. Da a kan furen kaɗai ya tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba, don waɗanda suka mallake shi a Anka da Gummi da Bukkuyum ba su taka kara sun karya ba. Amma gidaje da yawa in ka shiga za ka tarar da tsohon bokiti ko fasasshiyar randa a gindin katanga, uwargida ta dasa ɗoɗɗoya, ko na'ana'a, ko barkono, ko ɗan alayyafo. Tun da rashin tsaro ya raba mutane da gonakinsu, wasu ma ya raba su da ƙauyukansu suka dawo cikin garin Anka da zama, wannan bokiti ya tashi daga ado ya koma cefane. A kan waɗannan bayin Allah shawarar Malam za ta sauka.

Ga abin da ya ce, kuma ina fatan ban tauye masa komai ba. Heliyotrof ba ya jure sanyi, saboda haka da Nuwamba ya kama a kwashe tukwane a shigar ɗaki, a rufe taga, kada a fito da su sai Maris. A rage ban ruwa zuwa sau ɗaya a kwana goma, domin shuka barci take yi a wannan lokaci, yawan ruwa kuma yana ruɓar da saiwa, ga shi ruwan ma sai an saya. A datse rassa, a dakatar da taki. In za a sauya tukunya a ɗebi ƙasa a tsakar gida ko a bayan gari, ƙasa duk ƙasa ce. Daga ƙarshe ya ce tun da furen ɗan'uwan karkashin korama ne da ake magani da shi, rassan da aka datse kada a zubar, a shanya su a riƙa jefawa a shayi.

Ban zargi niyyar Malam ba, kuma rabin maganarsa gaskiya ce a inda aka yi ta. Asalin wannan fure ƙasar Peru ne da maƙwabtanta a Kudancin Amurka. A tsakiyar ƙarni na 18 aka kai irinsa Faransa, Turawa suka ƙaunace shi saboda launinsa na shunayya da ƙamshinsa mai daɗi, ya bazu a lambunansu. Sanyin da ya yi ƙasa da digiri 5 a ma'aunin salshiyas yana galabaitar da shi, daren da raɓa ta daskare kuwa ya isa ya kashe shi. Mutumin Landan da ke kwashe tukwanensa ya kai ɗakin gilashi yana da hujja: a watan Disamba wuninsa bai cika awa 8 ba, rana ba ta da ƙarfi, iska a jiƙe take, ƙasar tukunya tana iya yin mako biyu ba ta bushe ba. Shukarsa ta tsaya da girma, don haka ba ta neman ruwa ko taki. Duk littattafan lambu na can haka suke koyarwa, kuma daidai ne. Sai dai abincin wani gubar wani.

Malam, yaushe raɓa ta taɓa daskarewa a Bukkuyum? A tsakiyar hunturu, wato Disamba da Janairu, yawancin dararenmu sanyi yana tsayawa ne tsakanin digiri 13 da 16. Wani daren yakan ɗan sauka, mu ji shi har cikin ƙashi, mu kwana da kaskon wuta, amma bai kusanci inda zai taɓa heliyotrof ba. Da rana kuma zafi yana kaiwa digiri 30, wani lokaci ya haura. Wuninmu ko a ƙarshen Disamba ya fi awa 11. Mu ne ke jin sanyi saboda jikinmu ya saba da zafi. Furen da aka ɗauko daga gangaren tsaunukan Peru kuwa, dare mai sanyi-sanyi da rana mai haske su ne abin da ya fi so a duk shekararmu.

Ba sai an je littafi ba ma. A leƙa fadamun Gummi a watan Janairu a gani. Yaushe albasa ke yin kai? Yaushe tumatir ke cika kwando har ya yi arha? Yaushe latas da kabeji da karas ke shigowa kasuwa? Manoman Bakolori da na Kadawa a Kano suna gaggawar shuka alkama tun tsakiyar Nuwamba ne don ta ci moriyar sanyin, in an makara bazara ta riske ta, amfani ya ragu. Lokacin da Malam ya ce shuka na barci, shi ne lokacin da ɗan lambu ba ya samun barci saboda ban ruwa. Ta yaya tumatirin fadama zai kasance a farke, barkonon bokiti kuma yana barci, alhali iska ɗaya ke kaɗa su?

Abin da ke kashe shukar tukunya a nan shi ne bushewa. Iskar hunturu tana tasowa daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, ta kwaso ƙura, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, ta iso mana babu ɗigon laima a cikinta. Da tsakar rana damshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Kowa ya san abin da take yi wa leɓe da dunduniya, ya san wanki ba ya jimawa a igiya. Haka take zuƙe ruwa daga ganye. Shukar da ke ƙasa tana iya zura saiwa ta nemo laima, ta tukunya kuwa abin da aka zuba mata shi ke nan. In tukunyar ta yumɓu ce, ruwan ta jikinta ma yake tsatsafowa ya bi iska. Shi kuma heliyotrof an san shi da rashin haƙuri da ƙishi: ƙasarsa ta bushe ƙayau sau ɗaya, sai ganye ya yi baƙi daga gefe, ya kaɗe, sau da yawa ba ya dawowa yadda yake. Na'ana'a ma haka take. Wanda ya bi lissafin kwana goma a watan Janairu, kafin zagaye na biyu ya zo itace zai tarar a tukunya.

Ruɓewar saiwa da Malam ke tsoro gaskiya ce, amma galibi ba yawan ban ruwa ke jawo ta ba, rashin mafitar ruwa ne. Bokitin da ba a huda gindinsa ba, ko ƙasar da ta cika laka, su ne ke riƙe ruwa har saiwa ta shaƙe. A huda gindin, a sa 'yan tsakuwa ko katangar tukunya, a gauraya ƙasar da yashi. Sannan a bar ƙirga kwanaki, a tura yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓa ta farko kowace safiya. In an ji ta a bushe a ba da ruwa har ya ɗigo ta ƙasa, in da sauran laima a bari sai gobe. Ƙaramar tukunya a tsakiyar hunturu kusan kullum za ta nema.

Inda na tsaya na yi nazari sosai a maƙalar shi ne batun tsadar ruwa, domin a nan Malam ya taɓo damuwa ta gaske. Matar da ke sayen jarka a wurin 'yan ga-ruwa, ko ta tura yara su bi layin famfon tuƙa-tuƙa, ba za a ce mata ta riƙa kwarara wa fure ruwa ba tare da an duba halinta ba. Amma mafita ba ita ce a bar shukar ta mutu ba, don ita ma miya take samu daga gare ta. Ruwan alwala ya isa tukunya biyu ko uku a wuni in an ajiye su a inda ake yi. Ruwan wankin shinkafa da na wankin kayan miya suna da kyau, in dai babu gishiri ko omo a ciki. A rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa ko ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa, laima za ta daɗe. A haɗa tukwanen wuri ɗaya su riƙa kare juna, maimakon a jera su ɗai-ɗai a kan katanga inda iska ta fi ƙarfi. A kafa zana ta ɓangaren arewa da gabas. Wannan zanar kaɗai ta fi ɗaki amfani nesa ba kusa ba.

Akwai kuma dabarar da ɗan ƙasarmu ya yi suna da ita. Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya yaɗa hikimar sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi don adana tumatir da gauta da alayyafo, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ruwan da ke tashi daga yashin shi ke sanyaya tukunyar ciki, kuma dabarar ta fi ci a inda iska ta fi bushewa. In aka zaunar da tukunyar fure cikin wata babba haka, saiwa za ta samu sanyi, ƙasar kuma ba za ta yi saurin bushewa ba. Ilimi ne da aka gina a kan iskarmu, kuma ga shi a kusa.

To ɗakin fa? Malam ya tuna irin ɗakunanmu kuwa? Ƙaramar taga ɗaya, ita ma an toshe ta da tsumma saboda ƙura, ga labule a ƙofa, ga hayaƙin garwashi da dare. Heliyotrof yana bukatar hasken rana na awoyi da yawa kafin ya yi fure. In aka kulle shi wata huɗu a duhu, zai miƙe siriri yana neman haske, ganyensa ya koɗe, rassan su yi laushi. A irin wannan busasshiyar iska marar motsi ne ƙananan ƙwarin nan masu yin saƙa a bayan ganye suke hayayyafa, haka ma fararen ƙudajen da ke tashi in an girgiza shuka. A waje kuwa maganinsu mai sauƙi ne, a riƙa yayyafa wa ganyen ruwa sama da ƙasa da hantsi. Ganyen heliyotrof mai kaushi ne da ƙananan gashi, yana riƙe ƙura ƙwarai, wankin nan yana buɗe masa hanyar shaƙar iska.

Sannan a duba ranar da ya ce a fito da tukwanen: Maris. Wato daidai lokacin da sanyi ya juya baya, zafi ya doshi digiri 40 a Afrilu, sai a ɗauko shukar da ta rame a duhu a dire ta a rana. Wace shuka ce za ta rayu a haka? In akwai watannin da ya kamata a ɓoye heliyotrof a ƙasar nan, to Maris da Afrilu da Mayu ne. A lokacin ne ake janye shi zuwa inuwar rumfa ko gindin darbejiya, ya sha ranar safe kaɗai, a ba shi ruwa safe da yamma. Ko a ƙasashen da ake yawan shuka shi an san tsananin zafi yana hana shi fure. Aikin hunturu shi ne a gina masa ƙarfin da zai tsallake bazara. Don haka ba a yanke masa taki, ana ba shi kaɗan-kaɗan, tsohon takin awaki ko na shanu da ya riga ya ruɓe, ban da ɗanyen kashin kaji mai ƙona saiwa. Ana tsinke furen da ya bushe, a ɗan tsittsinke kan rassa don ya yi yaɗo. A Disamba ko Janairu kuma a yanki reshe mai tsawon yatsa, a cire ganyen ƙasa, a soka a jiƙaƙƙen yashi cikin inuwa. Cikin 'yan makonni zai yi saiwa, ko uwar ta faɗi a bazara akwai magaji.

Duk wannan kuskure ne da iyakarsa asarar shuka. Sauran biyun, maganar ƙasa da ta shayi, su ne suka hana ni yin shiru.

Ƙasa duk ƙasa ce? A Anka da Bukkuyum? A watan Maris na 2010 ne ma'aikatan Ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa suka lura yara na mutuwa a ƙauyukanmu, suna shiɗewa, ba kuma sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro ne sanadi ba. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Duwatsun zinariya da ake kawowa cikin gida a daka, a niƙa, a shanya a tsakar gida, cike suke da dalma, ƙurarsu ta bi ƙasa, ƙasar ta bi hannun yara zuwa baki. Sama da yara 400 suka rasu, mafi yawansu ba su kai shekara biyar ba, dubbai kuma aka yi musu magani. Ƙauyukan da abin ya shafa sun haɗa da Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza da Bagega a ƙaramar hukumar Anka, 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. A wasu wuraren dalmar da aka auna a ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, a lokacin da iyakar da Amurka ta gindaya wa wurin wasan yara ita ce 400. Aikin tsaftacewa da kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith suka jagoranta daga 2010 zuwa 2011, sannan aka kai ga Bagega a 2013, shi ne a kankare saman ƙasar gidaje, a shimfiɗa sabuwa, a kwashe gurɓatacciyar a binne ta a ramuka a wajen gari. Sabuwar da aka shimfiɗa ba ta da wani kauri. Dalma kuma ba ta ruɓewa, ba ta da wari, ido ba ya bambance ta, rana ba ta ƙone ta. Haƙar zinariya kuwa ba a daina ba.

Yanzu a haɗa shawarwarin Malam wuri ɗaya a ga abin da za su haifar a irin waɗannan garuruwa. A tona tsakar gida ko bayan gari, a cika tukunya, a shigar da ita ɗaki, a bar ta ta bushe ta zama gari, a rufe taga. Wa ke rarrafe a wannan ɗakin? Wa ke damƙar ƙasa ya kai baki? Iyayen da suka binne 'ya'yansu a 2010 suna nan da ransu, kuma akwai yaran da suka tsira amma gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa har abada. Na tabbata da Malam ya tuna da su, da bai rubuta wannan jimlar ba. Mutumin Gummi ma kada ya ce babu ruwansa, domin buhu da turmi ba sa tsayawa a iyakar ƙaramar hukuma, kuma mata da yawa a buhu suke shuka. Buhun da aka taɓa zuba dutsen zinariya a ciki kada a shuka komai a cikinsa. Ƙasar tukunya a ɗebo ta daga inda aka tabbatar ba a taɓa daka ko wanke dutse a kusa ba, yashin ma kada ya fito daga kududdufi ko rafin da ake wanki. In fita nesa ta gagara saboda halin tsaro, a rinjayar da ruɓaɓɓen taki da ɓuntun shinkafa a haɗin. A ɗora tukwanen a kan wani abu mai tudu, a bar saman ƙasarsu a rufe, ganyen da za a ci kuma a wanke shi sosai, saboda yawancin dalmar da ke shiga miya ta ƙurar da ta manne a ganye take bi.

Sai batun shayi. Haƙiƙa heliyotrof dangin karkashin korama ne, ciyawar nan ta bakin ruwa mai fure a lanƙwashe kamar wutsiyar kunama, wadda ba ta da alaƙa da karkashin da muke miya da shi. Haƙiƙa kuma ana magani da ita a gargajiyance. Amma wannan dangi gaba ɗaya suna ɗauke da sinadarin da ke lalata hanta, kuma ba farat ɗaya yake nunawa ba, a hankali yake toshe ƙananan jijiyoyin hanta har ciki ya kumbura da ruwa. A tsakiyar shekarun 1970, a gundumar Gulran ta lardin Herat a Afganistan, irin wata ciyawa daga wannan dangi ya gauraya da alkama lokacin fari, dubban mutane suka kamu, da yawa suka rasu. Likitocin dabbobi ma sun san yana kashe shanu da dawaki. Shanyawa ba ta kashe gubar, tafasawa ba ta kashe ta. Ƙamshin fure ba shaidar lafiyarsa ba ce. Mai shan wannan shayi ba zai ji komai a makon farko ba, kuma wannan ne ya sa shawarar ta fi haɗari, don zai ci gaba har ya ba iyalinsa. Rassan da aka datse a binne su ko a ƙona, kada a watsa wa awaki, tukunyar ma a nisanta ta da bakinsu.

Matsayina bai sauya ba. A Anka da Gummi da Bukkuyum, heliyotrof da ɗoɗɗoya da na'ana'a da barkono a waje ya kamata su yi hunturu, a bayan zana, suna shan ranar safe, ana ba su ruwa duk lokacin da yatsa ya ji ƙasa ta bushe, a cikin ƙasar da aka san inda ta fito. Inuwa ta bazara ce.

Ina roƙon Malam, don girman Allah, ya sake rubutu ya janye maganar ƙasa da maganar shayi a fili, a wurin da ya buga ta farko, domin waɗanda suka karanta waccan su ga wannan. Ku kuma iyaye mata da kuka riga kuka shigar da tukwane ɗaki, ku fito da su yau, ku share wurin da jiƙaƙƙen tsumma, ku wanke wa yara hannu.